Likitan kamfani a Jamus: ku karanta takardar kafin ku sa hannu

Rajistar adireshi da buɗe asusun banki da katin inshorar lafiya, ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba, duk wanda ya riga ku zuwa zai raka ku. Maganata a kan wata 'yar wasiƙa ce da ke zuwa bayan mutum ya kama aiki, mai cewa ana son ganinsa wurin Betriebsarzt, wato likitan kamfani. Da ta iso sai hankali ya tashi, a hau waya ana tambayar wanda shi ma bai sani ba. Amsar kullum ɗaya ce: kada ka je, in ka je ka kama bakinka, ɗan rahoton oga ne. Mu ma abin da aka gaya mana ke nan, kuma mun sha wuya a kai. Abin haushin shi ne har yanzu ana ba sababbin zuwa wannan gurguwar shawara.

Ban ce tsoron ba shi da tushe ba. Kamfani ne ke biyan likitan. Kai kuma kana cikin watanni shida na gwaji, lokacin da za a iya sallamarka da sanarwar mako biyu, ga izinin zamanka yana rataye da aikin. Ko Jamusawan ma ba dukansu suka saki jiki da shi ba. Sai dai dokar 1973 da ta tilasta wa kamfanoni ɗaukar irin wannan likita ita ce kuma ta ce mai kamfani ba shi da ikon gaya masa yadda zai yi aikin likitancinsa, kuma sirrin majiyyaci ya hau kansa kamar kowane likita. In ya kwashe abin da ka faɗa masa ya kai ofishin ma'aikata, laifi ne a ƙarƙashin sashe na 203 na kundin hukunta laifuka. Dokar ta kuma fito fili ta ce ba aikinsa ba ne bincika ko ciwon da ya hana ka zuwa aiki na gaske ne. In kamfani na shakka, ta hannun kamfanin inshorar lafiyarka zai bi. Takardar hutun rashin lafiya ma ba ta nuna wa oga sunan ciwon.

To, a ina ake faɗawa rami? Ganin likitan kamfani iri biyu ne, kuma mutanenmu ba sa tambayar wanne aka kira su. Na farko shi ne Vorsorge, duba don kare lafiyarka. Wani dole ne saboda irin aikin, wani tayi ne da za ka iya ƙi, wani kai ne ke nema. A nan abin da kamfani ke samu kaɗan ne: ka je, ranar kaza, saboda aiki kaza, za ka koma lokaci kaza. Ba sakamakon jini, ba sunan ciwo. Ko a na dolen, halartar ce dole, amma ba a ɗibar jininka ko a duba jikinka sai da yardarka. Na biyu shi ne Eignungsuntersuchung, gwajin dacewa da aiki, irin wanda ake yi wa direban motar ɗaga kaya a sito ko mai hawa dogayen gine-gine. Wannan kam sakamakonsa na iya isa ga kamfani, da yardarka, a taƙaice: ya dace, ya dace da sharaɗi, ko bai dace ba. Shi ne mai iya taɓa abincinka. Don haka kafin ka zauna a kujera ka tambaya: wanne ne wannan, kuma me za a rubuta wa kamfani? Likitan kirki zai amsa ba tare da ɓata rai ba.

Sai babbar matsalar, takardun da ake turo maka a kan 'yar allo tare da biro. A cikinsu akan sami ɗaya mai dogon suna, Schweigepflichtentbindung. Ma'anarta ka sauke wa likita nauyin riƙe sirrinka. Mutumin da ya kwana yana tsoron likita zai tona masa asiri, da safe shi ne zai sa hannu a kan wannan da kansa, don yana jin kunyar a ce Jamusancinsa bai nuna ba. Haba 'yan uwa! Ka duba sunan wanda aka ce za a gaya wa, da abin da za a gaya masa. In likitanka na gida ne za su yi magana da shi, wannan na iya zama alheri gare ka. In ofishin ma'aikata ne, ka ce za ka tafi da ita gida ka karanta. Kana da damar ƙin sa hannu, kana da damar janyewa daga baya. Ka nemi kwafi, ka nuna wa wakilan ma'aikata da ake kira Betriebsrat in akwai su, ko ƙungiyar ƙwadago. Masu sikila a dangi su sani cewa doka ta hana kamfani neman gwajin ƙwayoyin gado ko sakamakonsa, kuma mace ba dole ba ne ta amsa tambayar ko tana da ciki a wurin neman aiki.

Ɓoye ciwo kuwa kanka kake cuta. Akwai wata 'yar uwarmu mai aikin goge-goge a wani gidan tsofaffi, hannuwanta duk sun tsattsage saboda ruwa da sinadarai, tsakanin yatsu har jini yake yi. Ranar da aka kira ta wurin likita ta shafa mai, ta ja hannun riga ya rufe, ta ɗora jaka a cinya ta ɓoye hannuwan a ƙarƙashi. Duk tambayar da aka yi mata, lafiya lau. Alhali ciwon fata na daga cikin cututtukan aiki da aka fi kai rahotonsu a ƙasar nan, kuma akwai inshorar haɗarin aiki, Berufsgenossenschaft, wadda kamfani ne kaɗai ke biyan kuɗinta. Da ta nuna, da an canza mata safar hannu, an tura ta wurin likitan fata, an buɗe mata fayil. Sai da abin ya gagara ta je, ga kuma takarda a ajiye mai cewa ita da bakinta ta ce ba abin da ke damunta. Masu aikin dare ma suna da haƙƙin a duba su duk shekara uku, duk shekara in sun haura 50, amma ban cika ganin namu suna nema ba.

Batun rigakafi, ku daina cakuɗa tsohon labari da sabo. Tilascin allurar korona ga ma'aikatan asibiti da gidajen jinya ya fara a Maris 2022, ya ƙare a ƙarshen 2022. Wanda ke nan daram shi ne na ƙyanda, tun 1 ga Maris 2020: duk wanda aka haifa bayan 1970 kuma zai yi aiki a asibiti, makaranta, gidan renon yara ko masaukin masu neman mafaka, sai ya nuna shaidar allura biyu ko ta garkuwar jiki. In katinka ya ɓata, gwajin jini zai iya nuna kana da garkuwa. Masu damuwa da sinadarin alade, tambayarku halal ce, ku yi ta a fili: cikin allurar ƙyanda akwai mai ɗauke da shi, akwai kuma Priorix da ba ta da shi. Allurar ciwon hanta nau'in B da ake yi wa masu taɓa jini da allurai tayi ce, kamfani ne ke biya, kuma ni dai ban ga wayon ƙin ta ba.

Abin da ba zan yi wa kowa kara a kai ba shi ne katin rigakafi na bogi. An tsaurara doka a kansa a Nuwamba 2021, kotunan ƙwadago sun amince da korar nan take saboda shi, kuma hukuncin laifi na iya bin mutum har ranar da zai nemi takardar zama ɗan ƙasa. Haka takardar likita ta ƙarya mai cewa ba ka iya sa takunkumi. Al'ummarmu ta yi suna a wuraren aiki da riƙon amana da juriya, manyanmu ne suka gina wannan da guminsu, kada wani ya zo jiya ya zubar mana.

Takunkumi a wurin ƙura, fenti ko ɗakin masu cuta mai yaɗuwa kayan kariya ne kamar hular kwano, kuma kamfani ne zai saya maka, ba daga albashinka ba. Masu gemu, gaskiya ce takunkumi nau'in FFP2 ba ya kama fuska da kyau a kan gashi, kuma shugaban sashe zai iya yi muku magana. Kada ku tsaya musu da shi a gaban mutane. Ku nemi ganin likitan kamfani, ku tambaye shi ko akwai irin hular nan mai rufe kai gaba ɗaya da ke hura iska da batir, wadda ba ruwanta da gemu, ko kuma a mayar da ku wani sashen. In ya ba da shawara, ku roƙe shi ya rubuta, ku ajiye kwafi a gida.