Yadda nake zama a jirgin sama idan hadari ya taso

Ranar da na fara sanin gargada ta gaske, wato jijjigar da iska ke yi wa jirgi a sama, kofin shayi ne a hannuna. Tafiyar dare ce, mun yi kusan awa uku a sama, an gama raba abinci. Sai jirgin ya zurma ƙasa kamar an janye kujerar daga ƙarƙashina. Shayin ya tashi ya bar kofin, ya dawo mini a cinya. Mutumin da ke gefena ya kwance bel ɗinsa tun da muka tashi, wai don ya sake, sai kansa ya daki ma'ajiyar kaya ta sama. Ni ban motsa ba, kuma ba dabara ba ce, mantawa na yi ban kwance nawa ba. Cikin minti biyu komai ya lafa. Jirgin ya sauka lafiya lau, shi kuwa ya sauka da kumburi a ka.

Tun daga ranar na gane cewa a irin wannan hali jirgin ba shi ne abin jin tsoro ba. Wanda ke zaune babu bel shi ne a bakin haɗari.

To ka ɗaura, kuma ka ɗaura daidai. Bel ɗin ya zauna a kan ƙugu, ƙasa da cibiya, ka ja shi har ya kama, ba ka bar shi yana reto a kan ciki ba. Ko fitilar bel ta mutu, ka bar shi a ɗaure muddin kana zaune. Idan za ka yi barci, ɗaura shi a saman bargo don ma'aikatan jirgi su gani, kada su tashe ka. Dalilin wannan naci shi ne akwai gargadar da ke zuwa sama na tangaran, babu ko ɗigon girgije. Tana faruwa ne inda iska mai tsananin gudu ta haɗu da mai tafiya a hankali, kuma na'urar rada da ke hancin jirgi ba ta ganinta, domin ruwan da ke cikin gajimare take hangowa. Masu bincike a Jami'ar Reading ta Ingila sun wallafa a 2023 cewa mai tsanani daga irin wannan gargadar ta ƙaru da kashi 55 cikin ɗari a saman arewacin tekun Atlantika tsakanin 1979 da 2020.

Wanda ke ganin abin wasa ne ya tuna da jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ranar 20 ga Mayun 2024. Washegari, a sararin samaniyar Myanmar, ana cikin raba karin kumallo, ya zurma kusan mita 54 cikin daƙiƙa 4.6. Waɗanda ba su ɗaura ba suka tashi sama suka faɗo. Wani dattijo mai shekara 73 ya rasu, mutane da dama suka ji rauni a kai da ƙashin baya. Jirgin kuwa ya karkata ya sauka a Bangkok da ƙafafunsa.

Tun wurin sayen tikiti ake fara shiri. Kujerun da ke daidai fukafukai su ne suka fi kwanciya, na can baya kuwa su ke shan wujijjiga. Idan lokacin ruwan sama ne kuma ina da zaɓi, jirgin safe nake bi, saboda hadari mai tsawa yawanci sai rana ta gasa ƙasa yake haɗuwa, wato daga azahar zuwa dare.

Da zarar fitilar ta kunnu, ka miƙa abin sha mai zafi ko ka shanye. Kwamfuta da duk wani abu mai nauyi su koma jaka, jakar ta shiga ƙarƙashin kujerar gabanka. Ban ɗaki ya jira. Idan abin ya riske ka a tsaye, kada ka ce sai ka kai kujerarka. Faɗa wadda ta fi kusa in babu kowa, ka ɗaura, in kuma babu, durƙusa ka riƙe hannun kujera gam. Mai jariri a cinya ya nemi ƙaramin bel ɗin da ake haɗawa da na babba a jiragen da ke bayarwa. Hannu kaɗai ba ya riƙe yaro idan jirgi ya zurma.

Sai kuma abin da ido da kunne za su kawo maka, wanda ya fi jijjigar kanta tayar da hankali. Za ka leƙa taga ka ga fiffike yana lanƙwasa. Haka aka ƙera shi, itacen da ba ya rusunawa shi iska ke karyawa. A gwajin da aka yi wa Boeing 787 a 2010, an tanƙwara fukafukansa sama har kusan mita bakwai da rabi ba su karye ba. Za ka ji ƙarar inji ta ragu: matuƙi ne ya rage gudu da gangan, kamar direban da ya ga hanya ta lalace. Za ka ji an ce ma'aikata su zauna, su ma ƙashi gare su. Walƙiya kuma tana iya dukan jirgin, ka ga haske ka ji ƙara. Kusan kowane jirgin fasinja yana shan wannan kamar sau ɗaya a shekara; wutar tana bin fatar jirgin ta waje ta fice, ba ta shiga inda kake.

Matuƙa ba sa kutsawa tsakiyar hadari. Wani gajimaren yakan yi tsiri ya wuce inda jirgi ke iya kaiwa, don haka kewaye shi ake yi, kuma shawarar hukumar jiragen sama ta Amurka ita ce a ba mai tsanani tazarar mil 20. Abin da kake ji gefensa ne kawai.

Ni idan zuciyata ta fara bugawa, ƙafafuna nake dasawa a ƙasa, in jingina kaina da kujera, in saki kafaɗu. Ƙanƙame jiki yana ƙara wa mutum jin kowane motsi. Nakan buɗe hancin iskar da ke saman kaina, in riƙa fitar da numfashi a hankali fiye da yadda nake shaƙa. Wata dabarar kuma, in kalli ruwan da ke cikin gora: sau da yawa ina jin kamar duniya ta kife, ruwan kuwa ɗan kaɗawa kawai yake yi. Mai tashin zuciya ya ajiye waya da littafi, ya ciro jakar amai tun kafin ya buƙace ta.

Wurin sauka ne hadari ya fi zama abin kiyayewa, saboda iskar da ke faɗowa ƙasa da ƙarfi daga gindin gajimare. Ita ta kayar da jirgin kamfanin Delta a birnin Dallas na Amurka a watan Agustan 1985, kuma bayan nan ne aka wajabta sa wa jirage na'urar da ke gargaɗi a kanta. Saboda haka idan kun kusa taɓa ƙasa sai ka ji inji ya yi ruri jirgi ya sake tashi, ko aka ce za a yi ta shawagi, ko a sauka a wani gari, kada ka bi sahun masu tsaki. Na taɓa kwana a filin jirgin da ban yi niyyar zuwa ba saboda haka, kuma ban ji haushin kowa ba.

Bayan an sauka, buɗe ma'ajiyar sama a hankali, hannu ɗaya a tare. Jakunkunan ba sa nan yadda aka jera su.