Yadda za ka canja fawa saflai na tsohuwar kwamfuta ta daina damunka da ƙara

Duk mai tsohuwar kwamfutar tebur, irin 'yan Beljiyam ɗin nan da suka cika shagunan buga takardu da ofisoshi a nan Kaduna, ya san ƙarar da nake magana a kai. Kana kunna ta sai ta kama gurnani kamar injin markaɗe, da rana ba ka cika damuwa ba saboda hayaniyar titi da janareton maƙwabta, amma da daddare in gari ya yi tsit kana son ƙarasa aiki yara na barci, wallahi abun har cikin kai yake shiga. Sau da yawa fawa saflai ne, akwatin ƙarfen nan na baya da wayar wuta take shiga, kuma canja shi aiki ne da za ka yi da kanka da sukudireba guda ɗaya.

Amma kafin ka kashe ko sisi ka tabbatar shi ne ɗin. Buɗe murfin gefe, ka kunna kwamfutar, ka naɗe takarda ta zama kamar bututu ka kara a kunne kana bin fankokin ɗaya bayan ɗaya. Fankar furosesa, wato wadda ke zaune kan ƙwaƙwalwar kwamfutar, da ta jikin kesin za ka iya ɗora yatsa a tsakiyarsu su tsaya na daƙiƙa biyu, in ƙarar ta ɗauke to ka kama ɓarawon, in kuma tana nan daram to fawa saflai ɗin ne. Fankar fawa saflai kam kar ka cusa mata komai, ko tsinke. Had dis ma yana ƙara amma tashi daban ce, ƙas ƙas ƙas yake yi ko wani siririn kuka.

Dalilin ƙarar ba wani abu bane mai wuya. Tsofaffin fawa saflai suna zuwa da ƙaramar fanka mai milimita 80, dole ta yi gudu sosai kafin ta fitar da zafi, ga ƙurar hunturu da take shiga ta daskare a jikin fukafukan shekara da shekaru, man tsakiyarta ya bushe. Na yanzu yawanci fankarsu milimita 120 ce, tana juyawa a hankali ta tura iska mai yawa. Sannan in ka ga tambarin 80 Plus a jiki, wani tsari ne da aka fara tun 2004, ma'anarsa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja tana isa ga kwamfutar, sauran ne kawai ke zama zafi. Zafi kaɗan, fanka ta huta.

Toh yanzu inda mutane suka fi asarar kuɗi. Ba kowace kwamfuta ce take karɓar kowane fawa saflai ba. Tsarin da aka saba da shi sunansa ATX, Intel ne suka fito da shi a 1995, faɗin akwatin milimita 150 tsayinsa 86, babban filoginsa da ke shiga madabod, wato babban bod ɗin da komai ke haɗe a kai, rami 20 ne a na da, 24 a na baya-bayan nan. In taka haɗin gida ce ko babban kesi, kusan kullum wannan ne. Matsalar tana ga na ofis ɗin nan, Dell OptiPlex da HP sirara masu kwanciya a tebur, da yawansu akwatin siriri ne dogo kuma filogin nasu na kamfani ne, wani rami 6 wani 8, na kasuwa ba zai shiga ba sai da wayar haɗi ta musamman, wani ma ko wurin zama ba zai samu ba. Don haka ka ƙirga ramukan filoginka, ka ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin akwatin, mafi sauƙi ma ka cire tsohon ka sa a leda ka tafi da shi kasuwa.

Wajen saye, ko shagunan kwamfuta na kan titin Ahmadu Bello ka je ko cikin kasuwar Gumi, kar lambar wat ta ruɗe ka. Kwamfutar da ba ta da babban katin hoto, irin Core 2 Duo ko tsohuwar i3 da i5, da wuya ta ci wat 200, don haka mai wat 400 ko 450 na kirki ya ishe ta har da ragi. Ni a ganina gara ka ɗauki Beljiyam na kamfanin da aka sani irin Seasonic ko Corsair ko Cooler Master da ka ɗauki sabo dal mai ƙyalli da aka rubuta wa 650 amma kana ɗagawa ka ji shi sakayau ba nauyi, wayoyinsa sirara. Nauyin nan ai kayan ciki ne. Kuma ka ce wa mai shagon, Malam don Allah a tayar min da shi in ji, za su haɗa koriyar waya da baƙa a babban filogin da ɗan guntun ƙarfe sai ya tashi ba tare da kwamfuta ba, ka kara kunne ka saurara. Wasu masu tsada fankarsu ba ta juyawa sam sai sun ɗau zafi, ba lalacewa bace, haka aka yi su.

In ka dawo gida, kashe kwamfutar, zare waya daga soket gaba ɗaya, ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci sauran wutar ta fita. Taɓa ƙarfen kesin kafin ka sa hannu ciki, musamman lokacin hunturu da jiki ke tara wutar nan mai tas in ka taɓa ƙofa, ita kaɗai tana iya kashe ram, wato memorin kwamfutar. Ɗauki hoton cikin da wayarka yadda komai yake. Sai ka fara zare wayoyi, babban filogin yana da ɗan maƙalli a gefe, ka danne shi kana jijjigawa a hankali ɗaya hannun yana riƙe da bod ɗin, kar ka finciko. Akwai ƙarami mai rami 4 ko 8 kusa da furosesa, sai na had dis da na sidi, faffaɗa baƙi na SATA ko farare masu rami 4 na tsohon yayi. Sukurori huɗu ne a baya, ka tallafe akwatin da hannu kafin ka kwance na ƙarshe don kar ya faɗo kan bod.

Sa sabon kuma juyin abun da ka yi ne. In mazauninsa a sama yake kamar yawancin tsofaffin kesi, babbar fankar ta kalli ƙasa wato cikin kwamfutar, kar ka manna ta da rufin ƙarfe ta rasa iska. In bod ɗinka mai rami 20 ne duba da kyau, yawancin filogin 24 ana ɓalle huɗun ƙarshe. Tura shi sai ka ji ƙas. Na furosesa shi aka fi mantawa, kwamfuta ta tashi fanka na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin, kuma kar ka rikita shi da na katin hoto, suna kama amma wutarsu a juye take, karanta rubutun jikin filogin, CPU na furosesa ne, PCIe na katin hoto, in abu ya ƙi shiga kar ka tilasta. In fawa saflai ɗin irin wanda ake cire wa wayoyi ne, da nasa wayoyin kaɗai za ka yi aiki, na wani kamfani zai iya shiga ramin tsaf ya ƙona maka had dis.

Kafin ka jona wuta leƙa baya. In akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230, dole ya kasance a 230, ita ce wutarmu, kayan da suka fito daga Amurka sukan zo a 115 kuma in ka jona haka nan take zai buga. Na zamani da yawa ba su da shi, daga 100 zuwa 240 duk suna karɓa, wanda hakan alheri ne a gare mu da wuta ke yawan zuwa ƙasa-ƙasa, duk da haka ni dai ba zan cire sitabilaiza ba. Ɗaure ragowar wayoyin gefe guda kar su taɓa fanka, kunna ka gani tukuna, sannan ka mayar da murfi.

Tsohon kuma don Allah kar ka buɗe shi wai za ka ɗiga wa fankar mai, akwai kafasito a ciki da ke riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare waya, ka ba mai gyara ko 'yan gwangwan. Don sabon ya daɗe kuma, ka ɗaga kwamfutar daga ƙasa ko kan ɗan benci ne, in hazo ya wuce ka fita da ita tsakar gida ka hure ta da buluwa, kana tokare fankar furosesa da yatsa don kar iskar ta juya ta fiye da ƙima.