Awon Zuciya na ECG ga Masu Gudun Dogon Zango: Kurakuran da Aka Fi Yi

Wani dattijo ya taɓa kawo mini takardar awon zuciyar ɗansa a nan Damagaram, ya zaro ta daga aljihun riga a ninke, hannunsa na rawa. Yaron kan yi gudu a hanyar Mirriya tun da asuba, na'ura kuwa ta rubuta da Faransanci cewa awon bai yi daidai ba, saboda zuciyar tana bugawa sau 44 kawai a minti. Na ce masa, "Baba, ku kwantar da hankalinku, wannan zuciya ce da ta sha horo."

Kuskuren da ya fi yawa ke nan, wato gaskata rubutun na'ura ba tare da ƙwararre ya duba layukan da idonsa ba. Zuciyar wanda ya shekara yana gudu ko tseren keke takan ƙara girma, ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, don haka ba ta buƙatar sauri idan yana hutawa. Ƙa'idojin da likitocin zuciya na duniya suka fitar a 2017 sun amince da bugun da ya sauka har zuwa 30 a minti, muddin ɗan wasan ba ya jiri ko suma.

Na biyu ya fi damuna, domin mu ya shafa kai tsaye. A jikin ƴan wasa baƙar fata, alamar da ake kira T a layin awon takan kife a huɗun farko na wayoyi shida da ake mannawa a ƙirji, wato daga V1 zuwa V4, bayan layin da ke gabanta ya ɗan tashi kamar tudu, kuma wannan ba ciwo ba ne. Mai karatun da bai san haka ba sai ya hana yaro lafiyayye wasa, ya jefa gida cikin zullumi da kashe kuɗi. Amma idan kifewar ta kai V5 da V6, lamarin ya sauya, dole ne a yi hoton zuciya na eko, saboda tana iya nuna ciwon kaurin naman zuciya, irin wanda ya kashe ɗan ƙwallon ƙafa Marc-Vivien Foé na Kamaru a filin wasa a Liyon ta Faransa cikin watan Yunin 2003. Tazarar wayoyi biyu ce kawai tsakanin waɗannan hukunci biyu, shi ya sa manna su a gurguje yake da haɗari. Mazaunin V1 da V2 shi ne gurbi na huɗu tsakanin haƙarƙari, kuma idan an ɗora su sama da nan, takarda takan nuna abin da babu shi.

Akwai kuma masu ɗaukar kyakkyawan sakamako tamkar laya. ECG da ake yi wa mutum yana kwance ba ya nuna jijiyar zuciya da ta fito daga gurbin da ba nata ba tun haihuwa, kuma ga wanda ya haura shekara 35 ba kasafai yake gano toshewar jijiyoyi ba. Italiya ta wajabta tantance ƴan wasa tun 1982, amma ba da na'ura kaɗai ba, suna haɗawa da tambayoyi da duba jiki, suna kuma maimaitawa lokaci-lokaci. Ya kamata a tambayi ɗan wasa ko ya taɓa suma yana tsakiyar gudu, ko ƙirjinsa kan yi ciwo, ko akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya a danginsa. Yaranmu sukan ɓoye irin wannan don tsoron a cire sunansu, saboda haka nakan yi tambayar ne bayan mai horarwa ya fita.

Awon bara ba ya kare mutum daga zazzaɓin bana. Ƙwayar cuta irin ta mura tana iya kumbura naman zuciya, kuma wanda aka tabbatar masa da haka an daɗe ana ba shi shawarar hutun wata uku zuwa shida. Gudu da zazzaɓi a jiki, balle a zafin Afrilu, ganganci ne.

Ko an yi awon yadda ya kamata, wani zai iya faɗuwa. Ɗan ƙwallon Denmark Christian Eriksen, wanda ya faɗi a fili a 2021, ya rayu ne saboda an fara danna ƙirjinsa nan take, aka kuma sa masa na'urar farfaɗo da zuciya. Duk mai horar da matasa a filayenmu ya kamata ya iya wannan dannawa, sau 100 zuwa 120 a minti, a tsakiyar ƙirji, ba tare da tsayawa neman ruwan da za a yayyafa wa wanda ya faɗi ba.