Darasi na 6: Kiwon shanu a cikin itatuwa

To jama'a, yau maganar saniya za mu yi, wadda bijimi ke hawa amma ciki ya ƙi zama. Sau da yawa ba wata cuta ba ce, yunwa ce da zafin rana.

Idan rani ya yi nisa ciyawa ta bushe, sinadarin gina jiki wato furotin da ke cikinta yakan faɗi ƙasa da kashi 7 cikin 100, kuma daga nan ƙananan halittun da ke cikin tumbin saniya masu narkar mata da abinci sai su yi sanyi, za ka ga tana ta cin kara amma haƙarƙarinta a waje, kana iya ƙirga su da ido. Ganyen itace kuwa jijiyarsa na can ƙasa inda ruwa yake, shi ya sa yake nan kore, kuma da yawansu furotin ɗinsu ya ninka na busasshiyar ciyawa. Dubi gawo, da damina yake zubar da ganye, da rani ya fito da sabo har da 'ya'ya, daidai lokacin da dabba ta fi buƙata. Koren ganye kuma yana ba da bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi da maraƙi marar ƙarfi, wani lokaci ma mabiyiya ta ƙi fita.

Sai inuwa, wadda mutane ke rainawa kuma wallahi abin na damuna. Saniya tana neman bijimi ne kusan duk kwana 21, amma in zafi ya dame ta alamar takan ɓuya, in ma ta ɗauka cikin yana iya lalacewa tun a kwanakin farko. Shi ma bijimi ba ya tsira, maniyyinsa na ɗaukar kamar kwana 60 kafin ya nuna, ka ga ke nan zafin yau sai bayan wata biyu zai gama barin jikinsa. A gindin bishiya kuwa ka same su kwance suna tuƙa, numfashi a hankali.

Amma fa a kula. Wasu ganyayen suna da ɗaci mai hana furotin shiga jiki in an ci da yawa, don haka a haɗa da ciyawa, a fara da kaɗan kaɗan. Kurmi mai duhu kuma gidan ƙudan tsando ne da kaska, ga sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu. In za ka sare reshe kar ka aske bishiyar tas, ƙananan da aka dasa kuma a kange su sai sun fi ƙarfin bakin saniya.