Yadda Za Ka Shuka Aya a Bokiti

Da farko sayi ɗanyar aya a Kasuwar Rimi ta Kano, ba soyayya ba, don ita ba ta tsira. Jiƙa ta kwana 2.

Huda gindin bokiti, ka cika shi da ƙasa mai yashi da ɗan taki. Binne ƙwayoyin zurfin santimita 5, ka riƙa ban ruwa kullum. Aya 'yar fadama ce, tana son laima.

In ta fito, murza karan da yatsu: kusurwa uku za ka ji, saɓanin na ciyawa. Sai dai aya-aya ma haka take, amma 'ya'yanta baƙaƙe ne masu ɗaci.

Bayan wata 3 zuwa 4 ganye zai yi rawaya. Kife bokitin, ka tsince ayarka.