Yadda Ake Neman Tallafin Masu Buƙata Ta Musamman a Sakatariyar Ƙaramar Hukuma a Daura

Kafin ka ɗauko ɗan'uwanka mai lalura zuwa sakatariya, ka san cewa a Najeriya babu wani albashin wata-wata da aka yanka wa kowane mai nakasa. Abin da ke akwai yana zuwa ne jefi-jefi: keken guragu, sandar makafi, jari, koyon sana'a, buhun hatsi da azumi, ko tallafin kuɗi. Duka da jerin sunaye ake rabawa. Wanda sunansa ba ya ciki, ko ya fi kowa buƙata, sai dai ya ji labari. Aikinka ke nan, ka shigar da sunan inda ya dace.

Fara da takardu. Lambar NIN ce kan gaba, kuma rajistarta ta farko kyauta ce. Sai asusun banki mai BVN, da layin waya, da hotunan fasfo, da takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. A NIN an rubuta Lawal, a banki Lawan. Ko shekarar haihuwa ta sha bamban. Harafi ɗaya yana iya tsayar da kuɗi. Ka jera takardun a tabarma ka karanta su ɗaya bayan ɗaya, ka gyara tun yanzu. Kuma don Allah asusun ya kasance da sunan mai lalurar in dai baligi ne mai hankalinsa. Haƙƙinsa ne, bai kamata ya riƙa roƙon wani abin da aka turo masa ba.

Daga nan sai asibiti. A nemi rahoton likita daga asibitin gwamnati, kamar Asibitin Tarayya (FMC) na Daura. Idan matsalar ido ce, ko kunne, ko ƙwaƙwalwa, ana iya tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Ka roƙi likita ya bayyana irin lalurar, ko mai ɗorewa ce, da abin da mutum ke buƙata, ya sa hannu da hatimi. A yi kwafi da yawa, na ainihin ya zauna a gida cikin leda.

Kada ka tsallake mai unguwa. Shi da dagaci ake tambaya idan za a tantance mabuƙata. Haka ma Sarkin Makafi ko Sarkin Guragu, da reshen ƙungiyar JONAPWD, wadda ta haɗa ƙungiyoyin masu nakasa na ƙasa. Sau da yawa su ke fara jin za a yi rabo, su ake cewa su kawo sunaye. Mata ne aka fi bari a baya a wannan mataki, domin wasu gidajen suna ɓoye yarinya kurma ko gurguwa saboda kunyar da ba ta da tushe. A rubuta sunanta ita ma.

Yanzu sakatariya. Ko a Daura kake, ko Baure, Zango, Mai'aduwa ko Sandamu, ka nemi sashen da ke kula da walwalar jama'a. Ka je da safe tsakanin Litinin da Alhamis, ban da Juma'a. Ka tafi da gajeriyar wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, ka faɗi abu ɗaya takamaimai da ake nema. "A taimaka mana" ba ta kai "muna neman keken guragu don ya koma makaranta" ƙarfi ba. Wasiƙar ta zama kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a naka. Bayan gaisuwa kana iya cewa: "Ranka ya daɗe, ƙanena ne, ga takardunsa. Muna so a sa shi a rajistar masu buƙata ta musamman." Sannan ka yi shiru ya yi bayani da bakinsa. Idan kurma ne, ku je da wanda ya iya maganar hannu.

Ku shiga da ƙwarin gwiwa. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce a fara sauraron mai nakasa idan ana layi, ta kuma ware masu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati.

Tallafin kuɗi na tarayya kuwa da rajistar mabuƙata ta ƙasa yake tafiya. Ita ba fom ba ce da ake saye. Jami'ai ke shiga unguwa su tantance gidaje tare da jama'a. Ka tambayi jami'in walwala yaushe za su zo unguwarku. Duk wanda ya ce ka ba shi na goro ya sa sunanka, ko ya turo saƙo ta WhatsApp yana neman lambar sirrin katinka, ɗan damfara ne.

Ka karɓi sunan jami'in da ya amshi takardunku. Bayan mako biyu ka koma da kwafinka mai hatimi, ka tambayi teburin da wasiƙar ta kai.