Ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa, ka ceci kayan wutarka

Jama'a, ga 'yar dabarar damina.

Da ka ga walƙiya, fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ce tsakaninka da ita.

Dalili kuwa, haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, nan take yake iso maka. Sauti mita 340 kacal yake yi, shi ya sa yake zuwa a makare.

Tun ƙirgar na da tsawo, tashi ka zare talabijin, firji da caja daga soket. Zarewa fa, ba kashe makunni ba, don wutar aradu takan tsallake makunni. Wayar eriya ma ka cire, nan ne mutane suka fi mantawa.

In ƙirgar ta gaza 30, hadarin na cikin kilomita 10. Ka makara, kada ka taɓa wayoyin wuta da na eriya. Ka zauna a ɗaki, a shigo da yara daga gindin bishiya.

Inda dabarar ba ta aiki: idan walƙiya na zuwa bi da bi, ba za ka san wace tsawa ce ta wacce ba. Ƙarar janareta ma takan danne tsawar nesa. Kuma aradu kan faɗi tun ruwa bai iso unguwarku ba.